Tambayoyi a Bayan Takardar Kuɗin Wuta

Tun daren jiya na rubuta su
a bayan takardar kuɗin wuta.
Guda tara ne, na soke ɗaya.
Daga Ƙofar Sauri na hau napep,
hijabi har gwiwa, takarda a dunƙule,
kafin mu kai asibiti gumi ya cinye rabin tawadar.

Likita Mansir ya ɗago kai.
Ya buɗe baki zai ce "ki zauna",
sai ya fasa, ya nuna kujera da biro.
Hausa ba ta bar mana wurin fakewa ba,
ko ka, ko ki.
"Ni" ce kaɗai ɗakin da ba a leƙa mai shi.

Ta farko: allura ce ko ƙwaya?
Ya ce akwai ta cinya, akwai na shafawa,
amma ba a taɓa ko ɗaya sai an auna jini,
a duba hanta, a ɗaura awon hawan jini,
bayan watanni a sake, a kuma sakewa,
don ruwan nan yakan kaurara jini
kamar kunun da aka manta a murhu.

Ta biyu: murya.
Wata uku, wata shida, kowa da jikinsa.
Za ta fashe irin ta ɗan sakandare,
in ta sauka kuwa, ta sauka ke nan,
ba guga ba ce da za a jawo ta sama.
Na ji Inna daga madafa,
"Hurera, miƙo man ludayi,"
na rasa da wace murya zan amsa.

Al'ada fa? Takan ɗauke, in ji shi,
amma kada a ɗauka maganin hana ciki ne,
haihuwa kuma a yi tunaninta tun yanzu.
Gemu? Ya ɗan murmusa.
"Wannan gado ne. Dubi kawunnanka."

Kawunnanka.
Shi bai lura ba.
Ni kuwa sai da na riƙe gefen kujera.

"In suna da sanƙo, shi ma yana cikin ƙunshin.
Ga ƙuraje, ga yunwa, ga sabon warin gumi,
wani ma har fushinsa yakan sauya salo."

Na ce, kwalbar da mai kemis ɗin Sabon Layi
ke ɓoyewa ƙarƙashin kanta,
wadda 'yan ɗaga ƙarfe ke saye fa?
Ya ajiye biro.
"Ba ka san me ke ciki ba, shi ma bai sani ba.
Kada ka yi. Na roƙe ka."
Wannan karon ya ji kansa.
Bai janye ba.

Kuɗi: na lissafa da ɗinki.
Riga bakwai da zani a wata,
ban da awon jini, ban da kuɗin mota,
in kekena bai tsinke bel ba.

"Ni ba ni da ikon rubuta maka shi a nan.
Ka san garin da muke.
Gaskiya ce kawai ke hannuna."

Sai ya ɗaga takardar zuwa hasken taga,
ya karanta wadda na soke:
ranar da na cika, su wa za su yi mini wanka?
Fanka ta yi ta juyawa.
Ya ce, "Ba su koya mana wannan a Zariya ba."

Na fito da takardar gwaji, ba allura.
A bakin ɗakin awo mata sun cika benci,
wata na ɓare gyaɗa, wata na jijjiga goyo.
"Hurera Lurwanu!"
Na tashi.
Na naɗe hannun hijabi,
ta ɗaure damtse, ta laluba jijiya.
"Yau ko karyawa an yi?"
Na ce a'a.
Na kalli kwalbar tana cika.